Shekarar da Kwaɗin Fadama Suka Yi Shiru

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa a bakin ƙofa ɗazu, bai san ina bayansa ina kafe babur ba. Wai wannan ai ba aiki ba ne, hutu ne: ka rataye akwati a bishiya, ka koma gida ka miƙe ƙafa, kwamfuta ta ƙarasa sauran. Ba sai na nuna shi ba, ga shi can ya nuna kansa, yana ta gyara agogon da ba abin da ya same shi. Ba komai, ɗana. Ni ma haka na ɗauka ranar da na shigo, kuma ni a lokacin har furfura ta fara leƙowa a gemuna, ba ni da uzurin ƙuruciya irin naku.

Sunana Habu. Kafin in san wannan aiki, gyaran rediyo nake yi a wata 'yar rumfa a Funtua, kusa da inda ake sauke buhunan masara. Ina kuma da lasifika biyu da nake bayarwa haya, yau wurin walima, gobe taron coci, jibi wurin mai tallar maganin basir. Duk abin da ke fitar da ƙara na san hanjinsa. Ashe iya fitar da ƙara daban, iya sauraro daban, kuma na biyun sai da na doshi shekara arba'in aka koya mini.

Wata Laraba ce Dakta Saratu, wannan da ta ɗauke ku aiki, ta tsaya a rumfata da wani koren akwati da bai kai girman burodi ba. Lokacin ban san ta ba, sai daga baya na ji 'yar Malumfashi ce, tana koyarwa a jami'a. Ta ce ta zagaye masu gyaran waya da shi, kowa ya jujjuya ya miƙo mata abinta. Na kwance shi. Tururuwa sun yi gida a ciki har da ƙwai, ruwa ya shiga ya cinye waya ɗaya. Na kakkaɓe, na busar, na liƙe wayar da dalma, na sa batir. Don in gwada, sai na ciro memorin da ke ciki na saurara. Ba kiɗa, ba wa'azi, ba labarai. Sai tsuwwa da kuka da shuuu.

Na ce, "Malama, gyara dai ya yi, amma abin da ke ciki ya lalace. Ba kowa a ciki."

Ta yi dariya ta ce, "Malam, cike yake da jama'a. Daji ne."

"To dajin me yake cewa?"

"Abin da nake so in sani ke nan."

Ta ja benci ta zauna, ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce wurin da ke da lafiya surutu gare shi, tsuntsu da kwaɗo da ƙwaro kowa da lokacinsa, kowa da muryarsa. In wuri ya fara ciwo, muryoyin ne ke fara raguwa tun ido bai ga komai ba. Su kuma aikinsu su ɗauki sautin wuri ɗaya shekara da shekaru, su gwada na bana da na bara. Tana neman wanda zai riƙa rataye akwatunan yana kula da su tsakanin Funtua da Maska da Malumfashi har Matazu. Na ce a raina, abu ya zo da sauƙi. Kun ji ko? Maganar da aka yi a bakin ƙofa, ni na riga ku yin ta.

Ko akwati ɗaya ba ta ba ni ba. Tura ni ta yi wani ƙauye bayan Malumfashi, wurin ƙanen mahaifinta, Baba Ayuba. Manomi ne, tsohon maharbi da ya jingine bindiga, shi ke buga ganga a cocinsu ran Lahadi. Na kwana a gidansa. Ya jira na idar da sallar asuba, ya kai ni gindin wata ɗorawa, ya ce in zauna, kada in yi magana, in da hali ko tari kada in yi. Muka zauna har hantsi. Sau biyu ƙafata na mutuwa. Sannan ya juyo.

"Mai Rediyo, me ka ji?"

"Tsuntsaye, Baba."

"Madalla. Ni ma da na je kasuwar Funtua mutane na gani. Su wa da wa?"

Na ce kurciya. Ya ce wace daga ciki, don iri uku ne suka yi kuka. Sai ya shiga lissafo mini. Fakara ce ta fara tun gari bai gama wayewa ba, kamar ana kankare tukunya. Ragon maza ya amsa daga cikin sarƙaƙiya, kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Cilakowa ta wuce ta kanmu tana fito. Ya ce akwai lokacin da duk suka ɗauke wuta gaba ɗaya, na lura? Ban lura ba. Ya ce shaho ne ya gitta, in rubuta shirun ma, tunda da dalilinsa.

Damina biyu na yi ina zuwa wurinsa. Ba ya faɗa, ba ya tsawa. In ka kira tsuntsu da sunan wani, sai ya matso daidai kunnenka ya yi ta kwaikwayon kukan, a tsakar gida, mata na daka suna dariya, har sai sunan gaskiya ya fito daga bakinka. Ni da 'ya'yana biyar a gida, haka aka yi ta yi mini kukan suda a kunne.

Akwatin farko da na rataye ni kaɗai, a wata gona ce wajen Matazu. Na zaɓi wani gawo mai kyau a gefen dawa, bakin burtali, na ɗaure akwatin daidai ƙirjina don kada in sha wahalar hawa, na koma gida ina jin kaina. Bayan mako biyu na dawo. Awakin da ake korawa ta burtalin sun cinye soson da ke rufe makirfo, har sun ɗanɗana roba. Abin da aka ɗauka kuwa, kwana uku na ganyen dawa yana kaɗawa, sauran kwanakin iska ce tsagwaronta, sai wuri ɗaya da aka ji akuya tana tauna, tiryan-tiryan, ya fi komai fitowa. Dakta ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ɗauki akuya da kyau haka ba.

Daga nan na fara sanin kayan aikina. Tsani na gora, mara nauyi, wanda zai hau babur. Robar cikin taya don ɗauri, ba waya ba, don waya tana yanka bishiya, mai gona kuma ba zai yafe maka ba. Soso biyu, ɗaya a kan makirfo, ɗaya a aljihu. Akwati ya wuce inda hannun dogon mutum zai kai. Makirfo ya ba iska baya, kada ya kalli hanya, kada ya kusanci amya, sai in kana sha'awar jin zuma na mako biyu. Duk wata kafa ka toshe ta da kakin zuma saboda tururuwa. Batir ka gwada kowanne da hannunka tun a gida, kada ka yarda da alkawarin da aka rubuta a jikinsa. Sai littafi: rana, wuri, wace bishiya, ko an yi ruwa, ko ana feshi, ko akwai biki a ƙauye. Kafin duk wannan kuma, gaisuwa. Ka je wurin mai unguwa, ka je wurin mai gona, ka buɗe akwatin su leƙa ciki, in an kawo fura ka sha. Gaisuwar ta fi hawan bishiyar cin lokaci nesa ba kusa ba.

Yanzu ga kwamfutar taku. Ban raina ta ba. Abin da za mu shekara muna saurare, ita kafin shayi ya huce ta bi ta kansa, ta zana maka sautin a allo, kowace murya da layinta, ta kwaɗo a ƙasa, ta gyare can sama kamar zare. Amma mu muka koya mata. Ni da Baba Ayuba mun yi watanni muna yanka sauti gutsi-gutsi muna gaya mata: wannan fakara ce, wannan hasbiya, wannan ba kowa ba ne, babur ne. Ɗaliba ce mai ƙoƙari, aibinta ɗaya, da wuya ta ce ban sani ba.

Wata rana Dakta ta kira ni cike da murna. Kwamfuta ta ce ta ji gauraka a wani akwatinmu na gefen Malumfashi, kuma ba sau ɗaya ba, kullum safe da yamma. Gauraka kuwa an daɗe rabon da a gan ta a wajen, Baba ya ce shi rabonsa da ita tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari. Dakta har ta fara rubuta wa abokan aikinta albishir. Muka ɗauki kwamfuta muka nufi gidan Baba, aka sa masa iyafis. Ya lumshe ido, ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya cire, ya miƙo mini.

"Saratu, wannan gaurakar taki giris take so."

Famfon tuƙa-tuƙa ne na bayan makarantar firamare, mata na ɗiban ruwa safe da yamma. Ni da kaina na je na sa masa giris, gauraka ta yi ƙaura. Tun daga ranar, duk abin da kwamfuta ta faɗa mai daɗin ji, sai kunnen mutum ya tabbatar kafin a gaya wa kowa.

Masu neman mu ba 'yan jami'a kaɗai ba ne. Manoman shinkafa da dawa kan tare ni a hanya su tambaya ko akwati ya fara jin tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi, kuma a wane rake suke kwana, don su san lokacin tsayawa gadi. Akwai wani Alhaji mai shagon taki da ya ja ni gefe ya ce in rataye masa ɗaya a cikin silin, yana so ya ji abin da ake faɗa a kansa in ya tafi masallaci. Na ce, "Alhaji, akwatinmu na daji ne. Ko maganar mutum ta faɗo ciki bisa kuskure, gogewa muke yi. Kuma in ka ji abin da ake faɗa, ba za ka ƙara bin jam'i da natsuwa ba." Ya ce haka ne, a bar zancen.

To bari in zo kan shekarar da ta kusa tafiya da ni.

Akwai wata fadama gaba da Maska, in ka bar titi ka bi hanyar babur. A ƙasanta akwai tafki, da wani marke a bakinsa. Damina uku ina da akwati a marken nan, kuma duk akwatunana ba wanda ya kai shi albarka. Da ruwa ya sauka, daga magariba sai ka rantse kasuwa ce ke ci. Baba ya rarrabe mini kwaɗin iri huɗu. Akwai bududdugi mai muryar bajimi. Akwai na gida mai minshari. Akwai wani mai ƙwas-ƙwas kamar ana buga ƙwarya. Sai wani ɗan mitsitsi mai hawa ciyawa, muryarsa kamar 'yar ƙararrawa, shi Baba ya fi so.

A damina ta huɗu ruwa ya sauka da kyau, shinkafa ta yi kore shar, ba abin da ido zai ce ya canza. Na ciro memori na kai. Allon kwamfuta ya fito fari fat a inda ya saba cika. Dakta ta ce, "Malam Habu, ka duba makirfon nan kuwa?" Cikin ladabi ta faɗa. Wani abokin aikinta a can jami'a bai yi ladabin ba. Ya ce abin da ake samu ke nan in an damƙa bincike a hannun mai gyaran rediyo, a zubar da na wannan daminar, a nemo mai takarda. Na canza makirfo. Na canza akwatin ɗungurungum, na kawo wanda na tabbatar da lafiyarsa. Bayan mako biyu na ciro. Fari fat.

Sai na goyo Baba Ayuba a babur tun daga Malumfashi, yana ta mita wai na ƙudura in karya masa ƙugu kafin girbi. Muka isa da la'asar, muka zauna gindin marken. Na yi magariba a wurin, yana zaune yana jira. Aka jima. Gyare na yi, sauro na yi, ruwa kwance luf. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Akwatinka lafiyarsa ƙalau. Wurin ne ba shi da lafiya."

Washegari da safe muka bi ruwan muka yi sama. Ba mu yi nisa ba muka tarar da inda ciyawar bakin ruwa ta ƙone ta yi ja, ga robobin maganin feshi a zube, ga talibambam da ƙananan kifi sun taso ciki a sama. A shekarar an faɗaɗa noman fadamar, aka ɗauko masu feshi na haya. Su kuwa nan suke haɗa magani, in sun tashi aiki nan suke wanke tankunansu, ruwan ya gangara tafki. Tafkin da shanu ke sha, mata ke wanki, in famfon gari ya lalace har a ɗiba a kai gida.

A nan na yi kuskuren da nake so ku rubuta. Maimakon in koma wurin mai unguwa, sai na tsaya ina yi wa masu feshin wa'azi a bakin ruwa, ni baƙo, da littafi a hannu, ina rubuta sunan maganin. Mutane ne da ke neman abincinsu, suka ga kamar so nake in raba su da shi. Shekarar kuma kun san halin da yankin nan yake ciki da 'yan bindiga, kowa a tsorace, kowane baƙo abin zargi. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu. Wai akwatin da ke kan marke ba na kwaɗi ba ne, waya ce, mai babur ɗin nan infoma ne, shi ke gaya wa mutanen daji wanda ya sayar da hatsi da wanda ya kwana a gida.

Ranar da na koma canza batir, ban tarar da akwati a kan marke ba, sai 'yan sa-kai huɗu a gindin bishiyar riƙe da shi. Shugabansu, Sale, wani dogo mai tabo a goshi, ya zare makullin babur ɗina ya ce in wuce gaba. Ba sai na gaya muku abin da kalmar infoma take jawo wa mutum a lokacin ba. Akwai waɗanda ba a kai su ƙofar kowa ba. Ni abin da ya kai ni ƙofar mai unguwa da ƙafafuna shi ne gaisuwar shekara uku. Mai unguwa ya fito ya dube ni ya ce, "Wannan na san shi, ya ci tuwo a gidan nan. Ba mai taɓa shi sai na ji." Aka zaunar da ni a zaure, jama'a na taruwa a waje. Na roƙi a bar ni in kira Dakta, ta zo da kwamfuta, ta kuma biya ta ɗauko Baba.

Tafiyar ba kusa ba ce. Ina zaune aka kira azahar, na ji lasifikar masallaci na ta kakari, har ladan ya haƙura ya ƙarasa da baki. Na ce wa mai tsarona, "In ba laifi, a kawo mini amfilifayar masallacin nan in duba, zaman banza nake." Suka dubi juna. Aka kawo. Waya ce ɓera ya ci. Da la'asar aka ji kiran salla har fadama. Liman ya leƙo zaure ya ce kome za a yanke a kaina, a bari in duba fankar masallaci tukuna.

Da Dakta ta iso, ta gaida mai unguwa, ta miƙa wa Sale sukundireba ta ce ya kwance akwatin da hannunsa a gaban kowa. Ya kwance. Ta ce ya nuna mata inda layin waya yake. Ya juya, ya sake juyawa, babu. Ta ce abin nan ba ya aika komai ko'ina, sai mutum ya hau bishiya ya ciro memori. Wani daga baya ya ɗaga murya, "To a kunna mu ji abin da ke ciki!"

Abin da nake jira ke nan. Da izinin liman aka fito da amfilifayar da ƙaramar lasifika ƙofar mai unguwa, na haɗa da kwamfuta. Na fara da na bara, magaribar rana irin wannan ranar. Kwaɗi suka cika garin. Yara suka fashe da dariya, wani kare ya hau haushi. Baba Ayuba ya tsaya a tsakiya yana ɗaga yatsa yana faɗin sunan kowanne, kamar malami mai kiran suna a aji. Mutane na cewa, "Wallahi tafkinmu ne!" Na bar shi ya ɗan yi, na kashe. Na ce, "Ga na bana. Wuri ɗaya, bishiya ɗaya, lokaci ɗaya." Na danna.

Jama'a suka kasa kunne. Sale ya ce, "Malam, ka kunna mana."

Na ce, "A kunne yake."

Can ƙasa-ƙasa ana jin gyare, sai wani jaki daga nesa. Sai wata tsohuwa da ke zaune jikin katanga da sandarta, wadda gidanta ne na ƙarshe wajen fadama, ta ce, "La'ilaha illallahu! Ni tun farkon damina na ɗauka kunnena ne ya mutu. Har na sa an ɗiga mini man shanu." Aka fara dariya, dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Wani makiyayi ya ce shi ma ya daina kai maruƙansa tafkin, don sai su yi ta shinshina su juya.

Babban masu feshin ya miƙe, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, to a ina za mu wanke? Ruwan nan ne kusa, masu gona ba sa kawo mana wani." Mai unguwa ya yanke hukunci a wurin. A haƙa rami can kan tudu, nesa da ruwa, masu gona su riƙa kai jarkoki a amalanke. Robobin maganin a tattara su, kada a sake ganin an zuba mai ko ruwa a ciki. Sannan ya dubi Sale ya ce a ba baƙo makullinsa. Sale ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Malam, ka yi haƙuri." Na ce ya zo ya riƙe mini tsani mu mayar da akwatin, magana ta wuce.

Dakta ta ɗebi ruwan ta kai aka gwada. Sakamakon ya daɗe bai fito ba, da ya fito kuma abin da Baba ya faɗa a gindin marke shi ya maimaita da Turanci. Abokin aikin nan nata bai ba ni haƙuri ba, amma na ji farin allon da ya ce a zubar shi yake nuna wa ɗalibansa yanzu. Shekarar dai ba ta yi daɗi ba. Akwatuna uku da ke dajin yamma ban iya komawa na ciro su ba, ƙila suna can har yau. Kuma ba kowa ya bi maganar ramin ba, sai da Sale ya mai da zagayen bakin ruwa aikinsa.

Daminar da ta biyo baya, na gida mai minshari ya dawo, jefi-jefi. Ta bayanta bududdugi da mai ƙwas-ƙwas suka biyo. Ɗan mai ƙararrawa ne shiru har bara. Baba yanzu ba ya iya hawa babur, ni ke kai masa memori gida, kuma tun kafin in gama sallama yake jefo tambaya, "Ƙaramin fa?"

Shekaranjiya bayan magariba wayata ta yi ƙara. Sale ne, yana haki. Ya ce, "Malam Habu, yi shiru ka ji." Ya miƙa wayar kan ruwa. A cikin hayaniyar na ji wani abu siriri, ƙil, ƙil, sau biyu ko uku, sai sabis ya ɗauke. Na kira Baba na gaya masa. Ya ce, "Ta waya ka ji? Waya ko cokali ne ya faɗi sai ta ce ƙararrawa ce. Ka je da ƙafarka, ka kawo mini in ji."

Don haka gobe da hantsi zan kama hanyar Maska da sabon akwati. Babur ɗina mutum ɗaya yake ɗauka bayan kaya. Wanda zai bi ni ya zo da takalmin roba, ya ci abinci ya ƙoshi, ya kashe wayarsa tun daga titi. Za mu zauna daga la'asar har a kira isha'i. Sauro kuma ba a tafa masa, makirfo yana ji. Sai dai ka bar shi ya gama, ka rubuta a littafi cewa ya zo.